Sharhi: Ƙawancen jam'iyyu, daga Landan zuwa Birnin Kebbi

A watan Mayun shekarar 2025 ne sanatoci ukun da ke wakiltar jihar Kebbi a majalisar dattawan Najeriya, wato Muhammad Adamu Aliero da Yahaya Abdullahi da Garba Musa Maidoki, suka bayyana ficewarsu daga jam'iyyar PDP zuwa APC mai mulki.

Ba a cika wata biyu ba, sai ga tsohon ministan shari'a na tarayya, Abubakar Malami, wanda ɗan Birnin Kebbi ne, ya bar APC ya koma ADC, jam'iyyar da wasu jiga-jigan 'yan adawa suka ɗauka a matsayin inuwar haɗakarsu.

Ke nan cikin 'yan makonni, waɗanda jama'a suka zaɓa a ƙarƙashin tutar adawa sun koma ɓangaren gwamnati, shi kuma wanda ya shafe shekaru takwas a cikin gwamnati ya koma adawa.

An yi tarurruka, an yi jawabai, an kuma karanta wasiƙun sauya sheƙa a zauren majalisa. Abin da mai zaɓe a Zauro ko Argungu ko Zuru bai gani ba shi ne wata yarjejeniya da aka wallafa, wadda ta fayyace ayyukan da aka amince za a yi masa a sakamakon sabon ƙawancen.

Wannan ne ya sa yake da amfani a waiwayi yadda ake ƙulla irin wannan ƙawance a Birtaniya, ƙasar da Najeriya ta gaji tsarin mulkinta na farko daga gare ta, domin a ga inda aka yi kama, da kuma inda hanya ta rabu.

Kwanaki biyar a Landan

A ranar 6 ga watan Mayun 2010 aka yi babban zaɓe a Birtaniya, kuma sakamakon ya zo da abin da ƙasar ba ta gani ba tun watan Fabrairun 1974: babu jam'iyyar da ta samu rinjayen da zai ba ta damar kafa gwamnati ita kaɗai.

Majalisar wakilan ƙasar tana da kujeru 650, don haka ana bukatar 326 kafin a ce an samu rinjaye. Jam'iyyar Conservative ta masu ra'ayin 'yan mazan jiya, a ƙarƙashin David Cameron, ta samu 306. Labour ta Firayim Minista Gordon Brown ta samu 258, yayin da Liberal Democrats ta Nick Clegg ta tashi da 57.

A tsarin Birtaniya ba a zaɓen Firayim Minista kai tsaye. Wanda duk zai iya tara mafi yawan 'yan majalisa a bayansa, shi ne ke kafa gwamnati, kuma ranar da suka juya masa baya, ranar ce gwamnatin za ta faɗi. Saboda haka jam'iyyar da ta zo ta uku sai ta zama raba-gardama.

An shafe kwanaki biyar ana tattaunawa. Wakilan Mr Clegg sun zauna da na Conservative, sun kuma zauna da na Labour. To amma lissafi bai goyi bayan Labour ba, domin ko an haɗa kujerunta da na Liberal Democrats, 315 za a samu, ba su kai ba.

A ranar 11 ga wata Mr Brown ya yi murabus, Mr Cameron ya zama Firayim Minista, Mr Clegg kuma mataimakinsa. Wannan ce gwamnatin gamin gambiza ta farko a ƙasar tun bayan wadda Winston Churchill ya jagoranta a lokacin yaƙin duniya na biyu.

Rabon muƙamai ya shiga cikin cinikin, kamar yadda yake shiga a ko'ina. Liberal Democrats ta samu kujeru biyar a majalisar ministoci. Sai dai kuma washegarin kafa gwamnatin aka wallafa takardar farko ta yarjejeniyar, sannan a ranar 20 ga wata aka fito da cikakken kundi, wanda ya bi harkokin mulki ɗaya bayan ɗaya, tun daga haraji da makarantu har zuwa asibitoci da tsaro.

Kundin ya nuna abin da kowane ɓangare ya samu da abin da ya haƙura da shi. Conservative ta samu amincewa a kan gaggauta rage giɓin kasafin kuɗi ta hanyar tsuke bakin aljihu. Liberal Democrats ta samu alkawarin ɗauke harajin albashi daga kan masu ƙaramin ƙarfi, da ƙarin kuɗi ga makarantun da ke karantar da 'ya'yan talakawa, da kuma ƙuri'ar raba-gardama a kan sauya tsarin zaɓe. Har wuraren da suka kasa daidaitawa sai da aka rubuta, aka kuma faɗi yadda kowa zai yi idan an zo kaɗa ƙuri'a a majalisa.

Haka kuma, shugabannin Liberal Democrats sun kai yarjejeniyar gaban wani taro na musamman na 'ya'yan jam'iyyar a birnin Birmingham, inda aka amince da ita.

Kura da shan bugu

Rubuta yarjejeniya bai sa zaman ya zama na lumana ga ƙaramar jam'iyyar ba.

Kafin zaɓen, 'yan takarar Liberal Democrats, ciki har da Mr Clegg, sun rattaba hannu a bainar jama'a cewa za su ƙi duk wani ƙarin kuɗin karatun jami'a. A watan Disambar 2010 gwamnatin da suke ciki ta ɗaga kuɗin daga fam dubu uku da 'yan kai zuwa fam 9,000 a shekara. 'Yan majalisar jam'iyyar 21 sun kaɗa ƙuri'ar ƙin amincewa, amma Mr Clegg da ministocinsa sun goyi baya, yayin da ɗalibai ke zanga-zanga a wajen ginin majalisar.

A watan Mayun 2011 kuma, kusan kashi 68 cikin ɗari na masu zaɓe suka yi watsi da shawarar sauya tsarin zaɓe, wadda ita ce babbar ribar da jam'iyyar ta sa wa rai. A shekarar 2012 Mr Clegg ya fito ya nemi gafara a kan batun kuɗin jami'a.

Gwamnatin dai ta cika wa'adinta na shekaru biyar, saɓanin hasashen masu cewa ba za ta kai ba. Amma a zaɓen 2015 kujerun Liberal Democrats sun faɗo daga 57 zuwa 8, ita kuwa Conservative ta samu 330, ta kafa gwamnati ita kaɗai. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abin lura a nan shi ne yadda masu zaɓe suka iya yin wannan hukunci. Suna da alkawarin da aka yi musu a rubuce, suna da yarjejeniyar da aka ƙulla a rubuce, kuma an san yadda kowane ɗan majalisa ya kaɗa ƙuri'arsa. Haka nan jam'iyyar da ta saɓa alkawarin ta dawo gabansu da sunanta da tambarinta, ba ta narke cikin wata ba. Sai da ta shafe shekaru tara tana lallashi kafin ta farfaɗo, inda ta samu kujeru 72 a zaɓen 2024.

An sake ganin wani salon a shekarar 2017, lokacin da Theresa May ta kira zaɓen gaggawa ta kuma rasa rinjayenta, ta tsaya a kujeru 317. Ta nemi goyon bayan jam'iyyar DUP ta Ireland ta Arewa mai kujeru 10. DUP ba ta karɓi ko minista ɗaya ba. Ta dai amince za ta mara wa gwamnati baya a kan kasafin kuɗi da ƙuri'ar amincewa, a madadin ƙarin fam biliyan ɗaya domin ayyuka a yankinta. An soki wannan ciniki ƙwarai, har wasu suka kira shi sayen ƙuri'a. To amma an soke shi ne domin an wallafa shi, kowa ya ga adadin kuɗin da kuma inda za su tafi.

Batun bai mutu ba ko bayan gagarumin rinjayen da Labour ta samu a watan Yulin 2024 a ƙarƙashin Keir Starmer. Ta ci kujeru 411 ne da kimanin kashi 34 cikin ɗari na ƙuri'u, yayin da Reform UK ta Nigel Farage ta samu sama da kashi 14 amma ta tashi da kujeru 5 kacal. Ƙuri'un ƙasar sun rarrabu tsakanin jam'iyyu da dama, kuma a irin wannan hali ɗan sauyi kaɗan na iya mayar da ƙasar teburin tattaunawa irin na 2010.

Gadon da Najeriya ta ci

Da gwamnatin haɗin gwiwa Najeriya ta karɓi mulkin kai. A zaɓen watan Disambar 1959, jam'iyyar NPC ta Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ta samu kujeru 134 daga cikin 312. NCNC ta Dr Nnamdi Azikiwe da abokiyar ƙawancenta NEPU sun samu 89, AG ta Cif Obafemi Awolowo kuma 73. Babu mai rinjaye, kamar dai Birtaniya a 2010.

NPC da NCNC suka haɗu. Sir Abubakar Tafawa Balewa ya ci gaba da zama Firayim Minista, Dr Azikiwe ya zama shugaban majalisar dattawa, daga baya Gwamna Janar. Ita kuwa NEPU ta Malam Aminu Kano sai ta samu kanta a wani hali mai wuyar sha'ani: abokiyar tafiyarta tana gwamnati ɗaya da NPC a Legas, alhali magoya bayanta na fafatawa da NPC ɗin a kotunan alƙalai da gidajen yarin En'e a Arewa.

Rikicin ƙidayar jama'a ta 1962 da 1963 ya raba kan abokan mulkin. Kafin zaɓen 1964 kowa ya kama gabansa, NPC ta haɗu da NNDP ta Cif Akintola, NCNC kuma ta haɗu da AG da NEPU da UMBC. Abin da ya biyo baya sananne ne, har zuwa juyin mulkin 15 ga watan Janairun 1966.

A 1979 an koma tsarin shugaban ƙasa irin na Amurka, amma bukatar ƙawance ba ta kau ba. NPN ta Alhaji Shehu Shagari ta samu kujeru 36 daga cikin 95 a majalisar dattawa, da 168 daga cikin 449 a ta wakilai. Sai ta ƙulla yarjejeniya da NPP, wadda ta samu kujerar kakakin majalisar wakilai da ta mataimakin shugaban majalisar dattawa da kuma wasu ministoci. Jigon yarjejeniyar rabon muƙamai ne, kuma a kan rabon ta watse a 1981. Da NPP ta umarci ministocinta su fice, wasu sun ƙi, ciki har da ministan harkokin waje, Farfesa Ishaya Audu.

A wannan shekarar ce kuma aka ga illar rashin daidaitawa a jihar Kaduna, inda majalisar dokoki mai rinjayen NPN ta ƙi amincewa da kwamishinonin Gwamna Abdulƙadir Balarabe Musa na PRP, daga bisani ta tsige shi a watan Yuni.

A 2007 Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya gayyaci 'yan adawa cikin gwamnatin haɗin kan ƙasa. Shugabannin ANPP sun amsa, sun karɓi muƙamai, alhali ɗan takararsu Janar Muhammadu Buhari yana kotu yana ƙalubalantar zaɓen. Wannan ɓaraka na daga cikin abubuwan da suka kai shi ga komawa CPC a 2010.

A 2013 kuwa aka yi haɗaka mafi girma, lokacin da ACN da CPC da ANPP da wani ɓangare na APGA suka narke suka zama APC. Ta kayar da PDP a 2015, amma tun ranar 9 ga watan Yunin shekarar aka ga cewa ba a gama magana a kan rabo ba, domin Bukola Saraki ya zama shugaban majalisar dattawa ne da ƙuri'un PDP, ba da son shugabannin jam'iyyarsa ba. Zuwa 2018 shi da Aminu Waziri Tambuwal da Rabi'u Musa Kwankwaso duk sun fice.

Maƙwabciyar Kebbi, jamhuriyar Nijar, ita ma ta ɗanɗana. A 1993 ƙawancen AFC ya raba manyan kujeru uku: Mahamane Ousmane shugaban ƙasa, Mahamadou Issoufou Firayim Minista, Moumouni Adamou Djermakoye shugaban majalisa. A watan Satumbar 1994 Issoufou ya yi murabus, ƙawancen ya rushe, aka shiga zaman doya da manja tsakanin shugaban ƙasa da sabon Firayim Minista Hama Amadou, har sojoji suka karɓe mulki a watan Janairun 1996.

Yadda ake yi a Kebbi

Tarihin siyasar jihar Kebbi tun daga 1999 ya ƙunshi duk waɗannan salo a taƙaice.

Adamu Aliero ya ci zaɓen gwamna a 1999 a jam'iyyar APP, ya kuma sake ci a 2003 bayan ta zama ANPP. Ana gab da zaɓen 2007 sai ya ɗauki jama'arsa suka koma PDP. A lokacin PDP ta riga ta tsayar da Janar Muhammadu Magoro a matsayin ɗan takarar gwamna, amma aka sauya shi da Sa'idu Usman Nasamu Dakingari, wanda ya zo tare da ayarin gwamna. Cikin 'yan makonni jam'iyyar da ke mulkin jihar da babbar mai adawa da ita suka zama abu ɗaya a zahiri.

Al'amarin ya kai ga kotu. A watan Oktobar 2007 kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta soke zaɓen Dakingari bisa ƙarar da ɗan takarar DPP, Abubakar Malam, ya shigar, kafin kotun ɗaukaka ƙara ta mayar masa da kujerarsa a 2008.

Aliero ya tafi majalisar dattawa, daga can ya zama ministan Abuja a ƙarshen 2008. Abubakar Atiku Bagudu ne ya gaje kujerarsa a zaɓen cike gurbi. A 2011 mutanen biyu suka kara, Aliero a CPC, Bagudu a PDP, Bagudu ya yi nasara. A 2015 kuma sai ga su a inuwa ɗaya ta APC, Bagudu ya zama gwamna, Aliero ya koma majalisar dattawa.

A 2022 rikicin shugabancin jam'iyya da na zaɓen fitar da gwani ya sake raba su. Aliero ya koma PDP tare da Yahaya Abdullahi na Kebbi ta Arewa, wanda saboda haka ya ajiye muƙaminsa na shugaban masu rinjaye a majalisar dattawa. A zaɓen 2023 Aliero ya kayar da Bagudu, wanda a lokacin gwamna ne mai ci, a kujerar Kebbi ta Tsakiya.

Sakamakon wannan zaɓe ya cancanci a tsaya a kansa. Masu zaɓe a jihar sun ba PDP dukkan kujerun majalisar dattawa uku, sun kuma ba Atiku Abubakar rinjaye a zaɓen shugaban ƙasa. Amma a zaɓen gwamna, wanda sai da aka je zagayen cike giɓi a watan Afrilu, Nasir Idris Ƙauran Gwandu na APC, tsohon shugaban ƙungiyar malaman makaranta ta ƙasa, shi ne ya kayar da Janar Aminu Bande na PDP.

Ma'ana, mutanen Kebbi sun raba ƙuri'arsu da gangan. Sun ba wani ɓangare gidan gwamnati, sun ba ɗayan wakilci a Abuja. Irin wannan hukunci ne a Birtaniya kan tilasta wa 'yan siyasa zama a teburi su fito da takarda. A Kebbi kuwa, bayan shekaru biyu sauya sheƙa ya shafe rabon da masu zaɓen suka yi, ba tare da an koma wurinsu ba.

Abin da doka ta ce

Akwai dalilan da suka sa hanyoyin biyu suka bambanta, kuma ba duka ne laifin 'yan siyasa ba.

A tsarin Najeriya shugaban ƙasa da gwamna suna da wa'adin shekaru huɗu, ko suna da rinjaye a majalisa ko ba su da shi. Sannan kundin tsarin mulkin 1999 ya ce kafin mutum ya zama gwamna, bayan samun ƙuri'u mafi yawa, sai ya samu kashi ɗaya cikin huɗu a kashi biyu cikin uku na ƙananan hukumomin jiharsa. A Kebbi mai ƙananan hukumomi 21, ana nufin 14 ke nan. Wannan ya sa dole a ƙulla ƙawance tun kafin zaɓe, tsakanin masu faɗa a ji na masarautun Gwandu da Argungu da Yawuri da Zuru, kuma a cikin jam'iyya ɗaya, tun da takardar zaɓe tambari ɗaya take ɗauka ga kowane ɗan takara.

Game da sauya sheƙa, sashe na 68 da na 109 sun ce ɗan majalisar da ya bar jam'iyyar da ta tsayar da shi zai rasa kujerarsa, sai fa idan jam'iyyar ta rabu gida biyu ko ta narke cikin wata. Wannan togaciya ita ce ƙofar da kusan kowa ke bi, domin da wuya a rasa rikicin da za a nuna a cikin jam'iyya. Shi kuwa mai riƙe da muƙamin zartarwa, kotun ƙoli ta yanke hukunci tun a shari'ar Atiku Abubakar ta 2007 cewa sauya jam'iyya bai raba shi da kujerarsa.

Masu kare sauya sheƙa suna da hujjarsu. Sukan ce a ƙasar da kusan dukkan kuɗin jiha daga Abuja suke fitowa, wakilin da ya zauna a adawa jama'arsa yake cuta, kuma haɗa kai da gwamnati ne ke kawo hanya da asibiti da guraben aiki. Sukan kuma nuna rigingimun shugabanci da suka dabaibaye PDP bayan zaɓen 2023.

Haka nan tsarin Birtaniya ma yana da nasa aibin. Babu wanda ya zaɓi kundin 2010 a rumfar zaɓe. 'Yan mutane kaɗan ne suka tsara shi a ɗaki bayan an gama ƙirga ƙuri'u, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka zaɓi Liberal Democrats sun yi haka ne domin su hana Conservative mulki.

To amma idan hujjar ita ce kawo wa jama'a aiki, babu abin da ya hana a faɗi aikin, da adadin kuɗinsa, da lokacin da za a gama shi. Idan ba a faɗa ba, mai zaɓe ya yi cinikin biri a sama.

Abin da ke jiran a rubuta

A kwarin gulbin Rima, tsakanin Birnin Kebbi da Argungu, akwai misalin abin da rashin rubutaccen alkawari ke jawowa.

Tun ƙarshen shekarun 1960 aka fara tsara aikin noman rani na fadamar Zauro, wanda aka yi niyyar zai kare fiye da kadada 10,000 daga ambaliya ya kuma ba su ruwa da rani. An yi ɗan ƙaramin gwaji a ƙarƙashin hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima, amma gwamnatocin soja da na farar hula sun zo sun wuce ba a kammala aikin yadda aka tsara shi ba.

Ba matsalar kuɗi kaɗai ba ce. Manoman fadamar sun sha nuna fargaba a kan makomar gonakinsu na gado, masunta kuma a kan makomar kifin da Argungu ta yi suna da shi. Har yanzu ba a manta da abin da ya faru a Bakolori ba a 1980, lokacin da 'yan sanda suka buɗe wuta a kan manoman da ke neman diyyar gonakinsu. Wannan batu ne da ke bukatar matsayi bayyananne daga duk mai neman mulki: za a yi aikin ko ba za a yi ba, wa zai riƙe gona bayan an gama, kuma yaya za a biya diyya.

Haka batun shinkafa yake. A jihar Kebbi Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shirin babban bankin Najeriya na ba manoma rance a watan Nuwambar 2015, a Zauro kuma aka baje dalar shinkafa a 2021. Manufar wancan lokaci ita ce a toshe shigo da shinkafar waje, har aka rufe iyakokin ƙasa a 2019. A watan Yulin 2024 kuwa gwamnatin Shugaba Bola Tinubu, ta jam'iyyar APC ɗin dai, ta ba da sanarwar ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci, ciki har da shinkafa, na tsawon kwanaki 150 domin sauƙaƙa tsadar rayuwa. Mai saye a birni ya ji daɗi, manomin da ya sayi taki da man fetur da tsada kuwa ya koka. Kowane ɓangare yana da hujja, kuma irin wannan saɓani ne ya kamata wakilan jihar da ke noman shinkafa su ɗora a kan teburi kafin su shiga ko su fita daga kowace jam'iyya.

Ga kuma tsaro. An sace ɗalibai a kwalejin tarayya ta Birnin Yawuri a watan Yunin 2021, Lakurawa sun kai hari garin Mera na ƙaramar hukumar Augie a watan Nuwambar 2024, an kuma sace 'yan mata a makarantar Maga ta ƙasar Zuru a watan Nuwambar 2025. Sannan akwai daɗaɗɗen ƙorafin kudancin jihar, ganin cewa dukkan gwamnoni huɗun da aka zaɓa tun 1999 daga masarautar Gwandu suka fito.

Rubuta yarjejeniyar mulki ba al'adar Birtaniya kaɗai ba ce. A Jamus kusan kowace gwamnati da irin wannan kundi take farawa, kuma jam'iyyar SPD takan kai shi gaban 'ya'yanta su kaɗa ƙuri'a. A Afirka ta Kudu, bayan ANC ta rasa rinjayenta a 2024 ta tsaya a kujeru 159 daga cikin 400, sai da aka rattaba hannu a kan takardar manufofi kafin a kafa gwamnatin haɗin kan ƙasa da DA da sauran jam'iyyu.

Ba kuma baƙon abu ba ne ga al'ummar da ta san cewa aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, tana magana ne a kan rubuta bashi da kafa masa shaidu. A ƙasar Sakkwato da Gwandu, inda malamai irin su Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo suka bar littattafai a kan haƙƙin talakawa a wuyan shugabanni, ba sai an je Landan ba kafin a san cewa alkawari kaya ne.

Takarda ba ta hana saɓa alkawari, kamar yadda labarin Nick Clegg ya nuna. Amfaninta shi ne tana ba mai zaɓe ma'aunin da zai auna wanda ya saɓa. Babu wata doka a Najeriya da ta hana masu haɗaka ko masu sauya sheƙa su wallafa abin da suka amince a kai, kuma babu wadda ta tilasta musu. Saboda haka ko za a ga irin wannan takarda a Kebbi ya danganta ne ga ko ƙungiyoyin manoma da na malamai da na 'yan kasuwa, da kuma 'yan jarida, za su nace a kan ganinta tun kafin a buga gangar zaɓe.